Kisan Kai a Wurin Wanka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasu Aika-aika da Tarihi Ya Adana

Wurin wanka shi ne inda mutum yake tuɓe komai ya ajiye, daga tufafi da makami har zuwa kaffa-kaffar da yake yi da mutane a waje. Sarki mai dogarai dubu, idan ya shiga wanka, bai fi talaka tsaro ba, domin ba ya barin kowa ya kusance shi sai wanda ya amince da shi. A cikin labaran da ke tafe, kusan duk wanda ya yi kisan ta ƙofar amana ya shigo: mata ce, ko miji, ko hadimin gida, ko baƙuwar da aka yi wa izinin shiga.

Wane irin bahon wanka ake nufi a nan?

Ba bahon roba da ake wankin kaya ko wankan jarirai a ciki ake nufi ba. Ana nufin dogon kwami na ƙarfe, ko tagulla, ko dutse, wanda ake cika shi da ruwa, babban mutum ya shiga ya zauna ko ya kishingiɗa, ruwan ya kai masa ƙirji. Mai wanka da bokiti a tsaye yake ko a tsugune, ƙafafunsa a ƙasa, yana iya zabura a kowane lokaci. Wanda yake cikin kwami kuwa a kwance yake a wuri mai santsi, gefuna sun kewaye shi, kuma ruwan da zai iya halaka shi yana dab da hancinsa. A daulolin Rum da ƙasashen Musulmi na da, abin da aka fi sani shi ne hammam, wato gidan wanka mai ɗakunan tururi da tafkin ruwan zafi, kuma wasu daga cikin kashe-kashen da za a ambata a irinsa aka yi su.

Wane kisa ne ya fi shahara a cikin waɗannan?

Kisan Jean-Paul Marat ne, a birnin Faris, ranar 13 ga Yuli, 1793, lokacin da juyin juya halin Faransa yake tsakiyar zafinsa. Marat likita ne da ya koma aikin jarida da siyasa, kuma jaridarsa ta yi suna wajen kiran a kashe duk wanda yake ganin maƙiyin juyin ne. Yana fama da wata muguwar cutar fata mai ƙaiƙayi da ƙuraje, wadda ba ya samun sauƙinta sai ya jiƙa jikinsa a ruwan magani. Saboda haka ya mayar da bahonsa ofis: ya gitta katako a kansa ya zama tebur, ya ajiye tawada da alƙalami a gefe, ya naɗe kansa da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan tsami, a haka yake rubutu, a haka kuma yake ganawa da mutane.

Wadda ta kashe shi budurwa ce 'yar shekara 24 mai suna Charlotte Corday, wadda ta taso daga garin Caen a lardin Normandi. Tana goyon bayan ɓangaren 'yan Jironda, masu sassaucin ra'ayi, waɗanda aka kora daga majalisa makonni kaɗan kafin nan, kuma ta yi imani cewa Marat ne ummul'aba'isin jinin da ake zubarwa a ƙasar. Da safiyar ranar ta sayi wuƙar girki a shagunan Palais-Royal, ta je gidansa, aka hana ta shiga. Da yamma ta sake komowa, gardama ta kaure a bakin ƙofa tsakaninta da Simonne Évrard, matar da yake zaune da ita, sai Marat ya jiyo hayaniyar daga cikin baho ya ce a bar ta ta shigo. Ta zauna kusa da shi, ta ce ta zo da sunayen 'yan majalisar da suka gudu Caen suna shirya tawaye, shi kuwa ya shiga rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin haka ta zaro wuƙar daga ƙirjin rigarta ta soke shi sau ɗaya a saman ƙirji, sukan ya tsinke babbar jijiyar jini, kuma cikin 'yan mintuna ya cika. Ba ta tsere ba. An gurfanar da ita, aka fille mata kai ranar 17 ga Yuli, kwana 4 kacal bayan kisan, kuma a gaban kotu ta ce ta kashe mutum ɗaya ne domin ta ceci mutum dubu ɗari.

Shin kisan ya biya mata buƙatar da ta sa a gaba?

Bai biya ba, kuma a ganina wannan ne ɓangaren labarin da ya fi ban tausayi. Marat da yake raye mutum ne marar lafiya wanda ya daina zuwa majalisa. Da ya mutu sai ya zama gwarzon da ake rantsuwa da jininsa. Abokinsa mai zane, Jacques-Louis David, wanda ya ziyarce shi kwana ɗaya kafin kisan, ya zana shi a cikin bahon, kansa a langaɓe, alƙalami a hannu ɗaya, takardar Corday a ɗayan, fatarsa sumul babu alamar ƙurji, ita kuwa mai kisan ba a nuna ta ba sam. Masu tsattsauran ra'ayi suka riƙi kisan hujjar cewa maƙiya sun cika gari, kuma a ƙarshen Oktoba na wannan shekarar aka fille kawunan shugabannin 'yan Jironda, wato mutanen da ta yi nufin ta kare. Darajar Marat ma ba ta daɗe ba: an kai gawarsa maƙabartar manyan ƙasa ta Panthéon a 1794, aka fitar da ita a farkon 1795 da iskar siyasa ta juya.

Akwai sarakunan da aka kashe suna wanka?

Akwai, kuma an samu da dama a daular Rum. Sarki Commodus ya mutu a daren ƙarshe na shekarar 192, bayan ƙwarƙwararsa Marcia, da sarkin gidansa, da shugaban dogaransa sun haɗa baki a kansa. An fara ba shi guba, ya amayar da ita, sai aka tura wani ɗan kokawa mai suna Narcissus, wanda suke atisaye tare, ya shaƙe shi a wurin wanka. A Rum ta Gabas, an tsinci Sarki Romanos na Uku a tafkin wankan fada a watan Afrilu na 1034, kuma tun gawarsa ba ta huce ba matarsa Zoe ta auri saurayinta Mika'ilu ta ɗora shi a kan gadon sarauta, abin da ya sa marubutan zamanin suka ɗora zargi a kansu.

Wanda ya fi kusa da tarihin da ɗaliban ilmin Musulunci suka sani shi ne Sarki Constans na Biyu. Shi ne ya jagoranci jiragen ruwan Rumawa a yaƙin Zatus Sawari, a zamanin halifancin Sayyidina Usman, inda rundunar ruwan Musulmi ta fatattake su, shi kansa ya sha da ƙyar. Daga baya ya bar Ƙusɗanɗiniyya ya tare a garin Sirakusa na tsibirin Sisili, inda harajin da ya ɗora wa jama'a ya sa aka tsane shi. A 668, yana cikin wanka, hadimin da yake zuba masa ruwa ya ɗaga kwanon ruwan ya rotsa masa kai. Mutumin da ya kuɓuta daga takubba a tsakiyar teku, kwanon wanka ne ya zama ajalinsa.

A tarihin daulolin Musulmi fa, an taɓa yin irin wannan?

An yi. Fadlu ɗan Sahlu, babban wazirin Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, an kashe shi a hammam a garin Sarakhs a shekarar 818, lokacin da ayarin halifa yake kan hanyar komawa Bagadaza daga Khurasan. Amma labarin da ya fi tsayawa a rai shi ne na Shajaratud Durri a Masar.

Baiwa ce da ta zama matar Sultan Salihu Ayyub. Da mijin nata ya rasu a 1249, sojojin Sarkin Faransa Louis na Tara suna cikin ƙasar, sai ta ɓoye mutuwarsa, ta ci gaba da fitar da umarni da sunansa don kada zukatan mayaƙa su karaya. A 1250 ta yi mulki da kanta na kimanin kwana 80, aka buga kuɗi da sunanta, aka ambace ta a huɗuba, kafin ta auri Izzuddin Aibak, kwamandan Mamluk, wato sojojin da asalinsu bayi ne, ta miƙa masa sarautar. Bayan shekara 7, da ta ji yana neman auren 'yar Badruddin Lu'ulu'u mai mulkin Mosul, auren da zai rage mata iko, sai ta sa bayinta suka far masa a wurin wanka a cikin ganuwar Alƙahira, a 1257, suka kashe shi. Ta ce mutuwar fuju'a ya yi, mamlukansa ba su yarda ba, bayin kuma suka amsa laifi da aka matsa musu. Masana tarihin Masar sun ruwaito cewa kuyangin uwar Ali, ɗan Aibak, ne suka yi ta dukanta da takalman katako, irin waɗanda ake shiga hammam da su, har ta mutu, aka jefar da gawarta daga saman ganuwa. Matar da ta riƙe Masar a ranar da ƙasar ba ta da mai riƙe ta, haka ƙarshenta ya kasance.

Wane ne mutumin da ake cewa ya kashe amarensa a baho a Ingila?

George Joseph Smith ne, haifaffen gabashin Landan a 1872, mazambaci wanda sana'arsa ita ce auren mata da sunayen ƙarya, ya kwashe abin hannunsu ya gudu. Matarsa ta halal guda ce, Caroline Thornhill, wadda ya aura a 1898. Duk auren da ya biyo baya haramtacce ne a dokar ƙasar. Yakan nemi matan da suka ɗan manyanta ba su yi aure ba, masu ɗan gado ko ajiya, a zamanin da al'ummarsu take kallon rashin miji a matsayin abin kunya ga mace.

Ta farko da ya kashe ita ce Bessie Mundy, wadda mahaifinta ya bar mata gadon kimanin fam 2,500 a hannun amintattu, ta yadda miji ba zai iya taɓa uwar kuɗin ba sai ta hanyar wasiyya. Ya aure ta da sunan Henry Williams, suka kama haya a garin Herne Bay, suka rubuta wasiyya kowa ya bar wa ɗan'uwansa dukiyarsa. Gidan ba shi da baho, sai aka sayo na ƙarfe marar famfo daga wani shago, har da neman ragi, aka kai shi ɗakin sama inda sai an yi ta jidar ruwa da bokiti kafin ya cika. Ranar 13 ga Yuli, 1912, ranar da ta yi daidai da ta kisan Marat, aka same ta a mace a ciki, sabulu a damƙe a hannunta. Bayan an binne ta, Smith ya mayar wa mai shago bahonsa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, Alice Burnham, wadda ya sa ta yi inshorar rai ta fam 500. Da suka je Blackpool, ya ƙi gidan hayar farko saboda ba shi da baho, kuma a gida na biyu ta mutu a Disamba 1913, masu gidan suna zaune a ƙasa suka ga ruwa yana ɗiga daga rufin ɗaki. Ta uku, Margaret Lofty, ya aure ta da sunan John Lloyd ranar 17 ga Disamba, 1914, ta rubuta wasiyya washegari, kuma a daren ta mutu a unguwar Highgate ta Landan. Mai gidan ta shaida cewa ta ji ƙarar fantsamar ruwa, sai shiru, sai kuma ta ji yana kaɗa wata waƙar coci a falo, sannan ya fita ya dawo da tumatir yana cewa na abincin daren matarsa ne.

Ta yaya ya yaudari likitoci har sau uku?

Tun kafin kisa yake shirya shaidarsa. Kwana ɗaya ko 'yan kwanaki kafin ranar, sai ya kai matar wurin likitan da bai san ta ba, ya ce tana fama da ciwon kai ko ta yi farfaɗiya cikin dare, ita kuwa ta ce ba ta tuna ba, shi kuma ya ce ai mai farfaɗiya ba ya tunawa. Idan aka kira likitan ga gawa, ya riga ya san ta a matsayin marar lafiya, jikinta kuma ba shi da rauni ko alamar kokawa, sai ya ce suma ta yi ruwa ya ci ta. Garuruwan uku suna nesa da juna, sunan mijin daban ne a kowanne, kuma babu wata ma'ajiya guda da ake tara bayanan irin waɗannan mace-mace. Duka zaman binciken uku sun yanke cewa tsautsayi ne. Ba na ganin likitocin a matsayin sakarkaru. Kowannensu mace ɗaya ya gani da miji mai hawaye, kuma mutuwa ɗaya a baho ba abin mamaki ba ce. Laifin ba ya bayyana sai an jera ukun a wuri guda.

To, wa ya jera su?

Ba ɗan sanda ba ne ya fara. Mahaifin Alice, Charles Burnham, wanda tun farko hankalinsa bai kwanta da surukin nasa ba, ya karanta a wata jaridar Lahadi labarin amaryar da ta mutu a baho kwana ɗaya bayan aurenta, ya ga komai ya yi daidai da yadda 'yarsa ta rasu. Iyalin da suka ba su haya a Blackpool su ma sun ga labarin, aka aika wa 'yan sanda yankakkun jaridun biyu. Sufeto Arthur Neil ya karɓi binciken, ya yi kwanton ɓauna a ofishin lauyan da Smith zai je karɓar kuɗin inshora, ya kama shi ranar 1 ga Fabrairu, 1915, da farko a kan laifin ba da sunan ƙarya wajen ɗaurin aure.

Yaya aka tabbatar da kisa ne, alhali babu wanda ya gani da ido?

An tono gawarwakin, aka ba likitan binciken gawa Bernard Spilsbury aikin, aka kuma kawo bahunan Landan. Hujjarsa ta awo ce. Tsawon Bessie ƙafa 5 da inci 7 ne, bahon kuwa ƙafa 5. Mai farfaɗiya jikinsa sandarewa yake yi ya miƙe, kuma mace mai wannan tsawo idan ta miƙe a irin wannan baho, kanta sama zai yi ya fita daga ruwa. Ita kuwa an same ta kanta a ƙarƙashin ruwa, ƙafafunta a miƙe sun ɗago a ɗaya gefen, yanayin da ya fi kama da na wadda aka fizgi ƙafafunta ba zato. Ya ce ruwan da ya afka hanci da maƙogwaro farat ɗaya yana iya ɗauke hankalin mutum nan take, shi ya sa babu alamar kokawa, shi ya sa kuma sabulun bai faɗi daga hannunta ba. Sufeto Neil ya jarraba wannan da wata gwanar ninƙaya da ta yarda a gwada da ita, sai ta suma nan take, aka sha wahala kafin ta farfaɗo. Gwajin ganganci ne da ya kusa ƙara gawa ta huɗu, kuma babu hukumar da za ta yarda da irinsa a yau.

An fara shari'ar a kotun Old Bailey ranar 22 ga Yuni, 1915. Kisan Bessie kaɗai aka tuhume shi da shi, amma Mai Shari'a Scrutton ya yarda a kawo shaidar sauran biyun domin a duba ko tsautsayi iri ɗaya zai iya maimaita kansa sau uku ga mutum ɗaya, kowane karo bayan wasiyya ko inshora, kowane karo shi ne mai cin riba. Lauyansa, Edward Marshall Hall, ya yi iya ƙoƙarinsa a hana wannan, bai yi nasara ba, kuma har yau ɗaliban lauya a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila suna karanta wannan shari'ar a babin shaidar ayyuka masu kama da juna. Masu yanke hukunci ba su wuce kimanin minti 20 suna shawara ba. An rataye Smith a kurkukun Maidstone ranar 13 ga Agusta, 1915, yana ta musanta laifin.

Shi kuma wanda ake kira mai wankan asid, a baho ya narkar da gawarwaki?

A'a, laƙabin da jaridu suka ba shi ne ya jawo ruɗanin. John George Haigh da manyan durorin ƙarfe ya yi amfani, yana cika su da asid irin na ruwan batir amma mai tsananin ƙarfi. Tsakanin 1944 da 1949 ya kashe aƙalla mutum 6 don ya mallaki dukiyarsu, ta ƙarshe ita ce wata dattijuwa mai kuɗi, Olive Durand-Deacon, wadda ya yaudara zuwa wani ɗakin sana'a a garin Crawley a Fabrairu 1949. Ya ɗauka cewa idan babu gawa babu hukunci, fahimtar da ba ta da tushe a doka. Likita Keith Simpson ya tace taɓon da aka zubar a harabar wurin, ya samo duwatsun matsarmama, da guntun ƙasusuwa, da haƙoran roba waɗanda likitar haƙorin matar ta gane aikinta ne. Haigh ya yi da'awar hauka, ya ce jinin mutanen yake sha, kotu ba ta gamsu ba, aka rataye shi a Agusta 1949.

Wanda ya yi amfani da baho na gaske shi ne Georges Sarret na Marseille, wanda a 1925 ya kashe mutum biyu a wani gida kusa da Aix-en-Provence, ya narkar da su a bahon wanka da taimakon wasu mata biyu 'yan'uwan juna. Shekaru suka shuɗe kafin wata zambar inshora ta tona asirinsu, aka fille masa kai a 1934.

Gaskiya ne wata basarakiyar Hangari tana wanka da jinin 'yan mata?

An tuhumi Elizabeth Báthory da azabtarwa da kashe 'yan mata masu yawa, aka tsare ta a gidan sarautarta har ta mutu a 1614. Amma batun wanka da jini don kada ta tsufa ba ya cikin bayanan shaidun da aka tattara a lokacin binciken. Sai fiye da shekara 100 bayan mutuwarta ya fara fitowa a rubuce, don haka almara ce da aka ɗora a kan shari'a ta gaske.

Ina waɗannan bahunan suke a yau?

Bahon da ake dangantawa da Marat, mai siffar takalmi, gidan mutum-mutumin kakin zuma na Grévin da ke Faris ya saye shi a shekarun 1880, kuma a can ake nuna shi. Zanen David yana babban gidan adana zane-zane na Brussels, birnin da mai zanen ya rasu yana gudun hijira a 1825.

Akwai kuma bahon Buck Ruxton, likitan garin Lancaster wanda a Satumba 1935 ya kashe matarsa Isabella saboda kishi, ya haɗa da 'yar aikinsu Mary Rogerson, ya daddatsa gawarwakin a bahon gidansa, ya kai su wani kwazazzabo kusa da Moffat a Sukotland ya zubar. Ya cire duk alamomin da za a gane su da su, amma ya naɗe wasu sassan a wani bugu na musamman na jarida wanda a yankin Lancaster kaɗai aka sayar da shi. Masana suka ɗora hotunan ƙoƙon kai a kan hotunan matan na lokacin da suke raye, suka kuma ƙiyasta lokacin da aka zubar da gawarwakin daga girman tsutsotsin da ke jikinsu. An rataye shi a Manchester a Mayu 1936. Bahon da aka ciro daga gidansa aka kai kotu a matsayin shaida, daga baya an mayar da shi kwamin shayar da dawakin 'yan sandan Lancashire a hedikwatarsu da ke Hutton.